Faifan da Aka Naɗa a Legas Ya Sake Fitowa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan faifan Band on the Run na mawaƙin Ingila Paul McCartney, tsohon ɗan ƙungiyar Beatles, da ƙungiyarsa ta Wings, wanda aka sake fitarwa a watan Fabrairun 2024 domin cikarsa shekara 50. Da yawa cikinmu ba su san cewa a Legas aka naɗi mafi yawan waƙoƙinsa ba, a 1973, a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin EMI, bayan makaɗa biyu sun fice daga ƙungiyar ana gab da tafiya, har McCartney ya zauna ya buga ganguna da kansa. Faifan ya zo na ɗaya a Amurka da Ingila, kuma har yau dubban mutane na amsa waƙoƙinsa a dandali.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne faifai na biyu da aka haɗa a wannan sabuwar fitowa, inda ake jin waƙoƙin kafin a ƙara musu goge da kayan busa a Landan: murya, jita da ganga a fili, kusan yadda aka baro Legas da su. Ina fata jaridarku za ta binciko labarin 'yan Najeriyar da suka yi aiki a wancan ɗakin.

Naku,
Mai karatu daga Kaduna