Kafin a yi shelar gano tauraro mai sauya haske

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in ja hankalin 'yan'uwana masu sha'awar kallon taurari game da gaggawar da wasunmu ke yi wajen shelar cewa sun gano tauraro mai sauya haske, alhali ba su ma tantance wane tauraro ne a gabansu ba.

An daɗe da sanin irin waɗannan taurari, domin tun a 1596 masanin taurari David Fabricius ya lura da tauraron Mira, wanda haskensa ke ƙaruwa ya kuma dushe cikin kwana kusan 332. Masana a Masko sun fara fitar da kundinsu na taurari masu sauya haske, mai suna GCVS, a 1948, sannan a 1982 suka buga NSV, mai ɗauke da taurari sama da 14,000 da ake zaton suna sauyawa amma ba a tabbatar ba.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Na jera hotuna biyu da na ɗauka mako uku tsakani, na ga wani ɗan tauraro ya dushe ƙwarai, na nemi lambobin matsayinsa a kundin NSV ban tarar da komai a wurin ba, har na soma murna. Ashe bugun da ke hannuna da ma'aunin 1950 aka rubuta shi, wato lambobin matsayin taurari a sama bisa yadda suke a shekarar 1950, lambobina kuwa na 2000 ne. Duniya tana layi a hankali kamar katantanwa, zagaye ɗaya a shekara kusan 26,000, shi ya sa a cikin shekara 50 lambobin tauraro kan gusa fiye da faɗin cikakken wata a wasu sassan sama. Da na mayar da su ma'auni ɗaya, sai ga tauraron nawa da lambarsa.

Ko bayan haka da sauran rina a kaba. Bayanan tauraron ɗan'adam Gaia na 2022 sun ƙunshi taurari kusan biliyan 1.8, don haka inda tsohon kundi ya nuna ɗaya kana iya samun uku ko huɗu a cunkushe, kuma ba dole ne mafi kusa ya zama wanda ake nema ba. Sai an gwada ƙarfin haskensu da launinsu, an kuma lissafa tafiyar kowanne, tunda akwai irin tauraron Barnard da ke matsawa sakan 10 na kusurwa duk shekara (sakan ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri).

Shawarata ita ce a duba kundin taurari masu sauya haske na VSX, na ƙungiyar masu lura da irin waɗannan taurari ta Amurka (AAVSO), da rumbun bayanan taurari na SIMBAD da ke Strasbourg a Faransa kafin a aika rahoto, a kuma rubuta shekarar ma'aunin a gefen kowace lamba.

Naka,
Mai karanta jaridarku