Amsa ga Kawu: Abin da Ya Haɗa Taurari da Tsaron Kwamfuta

Assalamu alaikum Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun tashi lafiya, da iyali, da ciwon gwiwar nan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Allah ya ƙara sauƙi.

Ranar Asabar, a taron ɗaliban unguwa da aka yi a farfajiyar lekol nan Damagaram, ina gama ɗan jawabina kuka dogara sanda kuka miƙe. Kuka ce: "Ke ƴar nan, karatun tsaron kwamfuta aka tura ki, ga shi rabin zancenki taurari ne da sararin samaniya. Me ya haɗa kifi da kaska? Sannan a garin da ake kwana a layin famfo, wace goben za ki gyara da kwamfuta, alhali gobe ta Allah ce?" Jama'a suka kwashe da dariya, ni ma na taya su, na ce amsa tana tafe. Gaskiyar magana bakina ne ya mutu. Mutumin da ya shekara talatin da alli a hannu, ɗalibansa har yau suna ce masa Mushe, wato malamin lekol, ba a amsa masa a tsaye. To tunda a gaban mutane kuka tambaya, bari amsar ma ta zo a gaban mutane.

Kun tuna watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana kuran bayan juyin mulki. Wata da watanni muna cikin ɗauke-kawo. Ni a lokacin ban san komai game da sama ba, sai dai in wuta ta tafi, waya ta mutu, ba abin yi, in shimfiɗa tabarma a tsakar gida kusa da Kaka. Ita ce ta ɗaga yatsa wani dare cikin sanyin Disamba ta ce, "Ga Kaza da ƴaƴanta can." Na ga ɗan gungun taurari a cure wuri guda kamar tsaki a bayan uwa. Da asuba, in ta tashi alwala, ta nuna mini Gamzaki a gabas, yana haske kamar wanda ya fi kowa gata. Da aka kawo wuta na caja waya, na je na bincika. Sai na tarar hasken Kaza da ƴaƴanta da ya shiga idona daren nan ya yi kusan shekara 440 a hanya, alhali haske na cin kilomita kusan 300,000 a sakan guda. Wato ya baro can tun ba a kafa sarautar Damagaram ba. Na kuma tarar Gamzakin asuba da Zara ta magariba abu guda ne, Zuhura, duniya ce irin tamu mai zagaya rana. Da na faɗa wa Kaka sai ta ce ƙaryar boko ce, mace da namiji ba sa zama ɗaya. Ban ja da ita ba.

Abin da ya kama ni a ciki tambaya ɗaya ce: ta yaya aka sani? Wa ya auna, da me ya auna, in ya yi kuskure wa zai kama shi? Daga baya na gane ita ce tambayar da malamanmu na tsaron kwamfuta ke ta dasa mana tun shekarar farko. Saƙo ya ce daga banki yake, ta yaya aka sani? Na'ura ta ce wane ne ya shiga, ta yaya aka sani?

Ku ciro wayarku daga aljihu, Kawu. Taswirar da jikanku ke buɗe muku in za ku biki a unguwar da ba ku sani ba, tana aiki ne da taurarin ɗan Adam na GPS, waɗanda ke yawo a nisan kilomita kusan 20,200 a samanmu. Kowanne yana ɗauke da agogo, kuma wayar tana gane inda take ne ta hanyar lissafa tsawon lokacin da saƙonsu ya ɗauka kafin ya iso. To agogon da ke can sama ba ya tafiya daidai da na ƙasa. Masanin kimiyya Einstein ne ya bayyana dalili, a 1905 da 1915: gudu yana rage wa agogo sauri, nisa da nauyin ƙasa kuma yana ƙara masa. In an haɗa an cire, agogon sama yana wuce namu da kashi 38 cikin miliyan na sakan a kowace rana. Ko ƙiftawar ido ta fi wannan tsawo nesa ba kusa ba. Amma da an raina shi, kullum taswira za ta riƙa kaucewa da kimanin kilomita 10, kafin mako ya zagayo mai neman Birni ya tsinci kansa a hanyar Tanut. Raina kama ka ga gayya.

Akwai wani labari da kowane ɗalibin fanninmu ya sani, kuma na so in ba ku shi ranar Asabar ɗin. A 1986, a wani ɗakin bincike da ke Berkeley a Amurka, akwai wani masanin taurari, Clifford Stoll. Kuɗin aikinsa na taurari suka ƙare, aka mayar da shi sashen kula da kwamfutoci. Aikin farko da aka ba shi na raini ne: lissafin kuɗin amfani da kwamfuta ya ƙi daidaita da santi 75, ko dala guda ta Amurka bai cika ba. Wani sai ya cike daga aljihunsa ya tafi gida. Shi kuwa ya saba da aikin da ɗigon haske ɗaya kan canza lissafi gaba ɗaya, sai ya ƙi sakin zaren. Ya jona na'urorin buga takarda a layukan da ke shigowa, ya riƙa kwana a ofis, wata kusan goma yana bin sawu. Ƙarshenta sawun ya kai birnin Hanover na Jamus ta Yamma, wurin wani Markus Hess da ke bi ta kwamfutarsu yana kutsawa cikin na sojan Amurka, yana sayar wa KGB, hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, abin da ya samo. Mai kallon taurari ne ya kama shi, Kawu. Ga kifi ga kaska.

Kuma abin bai tsufa ba. A watan Maris na 2024 wani injiniya Bajamushe, Andres Freund, ya lura shiga wata na'urarsa ya ƙara jinkirin kusan rabin sakan. Ya tona, sai ga ƙofar ɓoye an dasa a cikin wata ƙaramar manhaja mai suna xz, wadda ɗimbin manyan kwamfutocin duniya ke amfani da ita. Wanda ya dasa ta ya shafe sama da shekara biyu yana taimako da ladabi har aka amince masa aka ba shi makulli. Da ta bazu, da abin ya yi muni ƙwarai.

Yanzu bari in sauko gida, don na san za ku ce duk wannan labarin Turawa ne.

Kun san abin da ya sami Gwaggo bara, ko da yake ta roƙi kada a yi ta yaɗawa, shi ya sa ba zan faɗi wace Gwaggon ba. Tana tsakiyar suyar ƙuli-ƙuli saƙo ya shigo wayarta. Kafin ta goge hannu sai ga kira. Namiji ne, murya na rawa: "Hajiya, don girman Allah, kuɗin maganin ɗana ne na tura lambarki bisa kuskure, jika 25, yaron yana kwance." Ta ba wani yaro ya duba, ya ce e, ga 25,000 a rubuce. Ta yafa mayafi ta je wurin mai tura kuɗi, ta ciro daga ƙullin adashinta ta mayar. Sai da yamma ta gane ko dala ba ta shigo mata ba. Da na dawo hutu ta miƙo mini wayar, allonta duk maiƙo. Minti ɗaya ban yi ba na gani: saƙon daga lambar mutum ya fito, lamba takwas irin tawa da taku, babu sunan kamfani a samansa, kuma Faransancin ciki har da kuskuren rubutu biyu. Santi 75 ɗin Gwaggo ke nan, yana zaune a fili. Amma ta ina za ta gan shi? Ba ta karanta Faransanci, kuma tun da ta sayi wayar ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce, "In kin ga kaza, ki duba kaza." Ɓarawon bai fasa kwamfutar kowa ba. Ta ƙofar tausayinta ya shiga, ita ce kuwa ƙofar da ta fi kowace faɗi a garin nan. Abin da ya fi ƙona mini rai, kunya ta hana ta faɗa wa maƙwabta, mako biyu bayan haka aka yi wa wata a layinsu irin wannan.

Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19, ragowarta na nan muna wucewa ta gefenta. A darasinmu ma akwai abin da ake kira bangon wuta, aikinsa ke nan, tare baƙon da ba a yarda da shi ba. Amma ku da kuka koyar da tarihi kun fi ni sanin cewa gari mai ganuwa yawanci ta hannun mai tsaron ƙofa ake cinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar tamu a yau rashin bayani ne cikin harshen da mutane ke ji. Muna da doka, tun 2019 ƙasar nan ta kafa dokar hukunta laifukan intanet, akwai kuma hukumar kare bayanan jama'a. Sai dai doka tana zuwa ne bayan an yi ɓarna, ba ta zama kusa da kaskon suya.

Batun gobe kuwa, ban musa muku ba, ta Allah ce. Amma manomin da ya san haka shi ne dai ke ware iri tun kaka. Malamanmu na zaure ma suna lissafin taurari 28, kowane da kwana 13, ɗaya da 14, su faɗa wa manoma lokacin da ya kamata a yi shiri, ba wanda ya ce sun shiga gaibu. Ga irin shirin da ake yi a fanninmu. Yawancin makullan da ke tsare saƙonni da kuɗi a intanet sun dogara ne kan lissafin da ke da sauƙin ƙullawa, da wuyar kwancewa. In na ce ku ninka 89 da 97, kafin shayi ya huce kun ce 8,633. In kuwa na ba ku 8,633 na ce ku nemo lambobi biyun da suka haife ta, sai kun yi gumi. To a mayar da lambar mai ɗaruruwan alƙaluma, duk kwamfutocin duniya sai su gaji. A kan wannan aka gina tsarin kulle saƙo mai suna RSA a 1977. Sai a 1994 wani masanin lissafi, Peter Shor, ya nuna cewa kwamfutar da za a gina bisa dokokin ƙwayar zarra, wadda ake kira kwantam, za ta kwance wannan ƙulli cikin sauƙi. Har yau ba a gina mai ƙarfin yin haka ba. Duk da haka a watan Agustan 2024 hukumar ma'auni ta Amurka ta fitar da sababbin makullai da aka tsara don su jure mata, saboda mai haƙuri zai iya sace saƙo a kulle yau, ya ajiye shi har ranar da mabuɗi zai samu. Binciken yadda Allah ya tsara mafi ƙanƙantar halitta ne ya tilasta wa duniya canza kwaɗo. Wata rana canjin zai iso bankunanmu da ofisoshinmu, kuma ina so a ce akwai ƴan ƙasa da suka san abin da ake sakawa, kada a kawo mana a kwali mu sa hannu kawai.

Kada kuma ku ɗauka lissafin nan baƙo ne a wurinmu. Al-Kindi, a Bagadaza, a ƙarni na 9, shi ya fara rubuta yadda ake fasa rubutun sirri ta hanyar ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa. Nan kusa da mu, Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsine, ya rubuta littafi kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Hatimin nan dai da muke gani a allo, wanda ko ta ina aka tara jimla ɗaya ce.

Saura famfo. Nan kun kama ni, ba ni da ta cewa. Kwamfuta ba ta fasa dutsen da garin nan ke zaune a kansa, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Ni ma na yi layin jarka, na san nauyinta a ka. Wannan aikin wasu ne, Allah ya ba su iko da niyya. Nawa ɗan ƙarami ne: jika 25 ɗin da Gwaggo ta rasa kuɗin ruwan wata nawa ne a wurin ƴan garuwa? Ku da kuka iya lissafi ku buga.

Don haka ga abin da na ƙudurta kafin hutu ya ƙare. Na roƙi matan layinmu su ba ni rabin awa ranar da suke haɗuwa zubin adashi. Zan nuna musu saƙon gaskiya da na ƙarya gefe da gefe, da Hausa, kowa ta riƙe wayarta a hannu, har sai ta iya duba ragowar kuɗinta da kanta kafin ta amsa wa mai kuka. Gwaggo ta yarda ta ba da labarinta da bakinta, wanda ya fi duk abin da zan faɗa. In kun ga ya dace, ku nema mini irin wannan zama a majalisarku ta bayan la'asar, don dattawa ba za su saurari yarinya ba sai in ku kuka gabatar da ita.

Zan shigo gaishe ku ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Don Allah ku ajiye mini wayarku da ɗan littafin nan mai jan bango da kuke rubuta lambobin sirri a ciki, wanda na gani a kan rediyo, inda duk mai shigowa ɗakin zai iya ɗagawa. Kuma na ji jikanku na cewa lambar taku shekarar haihuwarku ce, har yana faɗa wa abokansa. Za mu canza ta kafin in sha ruwa.

Ku gaishe mini da Inna.

Taku,
ƴar ƙanwarku