Wasiƙa zuwa ga abokina kan gwajin MAO

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, kuma sanyin can bai takura muku ba. Saƙonka ya iso, na kuma duba sakamakon da ka turo. Ka ce kusan duk ruwan ganyen da ka gwada ya hana MAO aiki, wato enzayim ɗin monoamin oksidas da ke lalata wasu sinadarai a jiki. Wannan "kusan duk" ɗin ne ya tsaya mini a rai, don haka ka dakata da rubutu tukuna.

Ka tuna aikin enzayim ɗin. A fatar waje ta maitokondiriya, wato sashen ƙwayar halitta mai samar da kuzari, yake manne, yana karɓar sinadaran amin irin su serotonin da dofamin, ya mai da su aldehaid, ya saki amoniya da haidirojin feroksaid. Hanyar Amplex Red da ka bi ba MAO take aunawa kai tsaye ba. Feroksaid ɗin take aunawa, ta hannun enzayim na biyu, wato feroksidas, wanda ke sa haɗin ya ba da hasken da ake aunawa. Shi kuwa ruwan ganye cike yake da sinadaran fenol masu cinye feroksaid ko su toshe feroksidas. Sai hasken ya ragu, ka zaci MAO ne ya tsaya, alhali yana nan yana aikinsa. Gano wannan ba wuya: cire MAO daga haɗin, ka zuba feroksaid da hannunka tare da ruwan ganyen. In hasken ya sake raguwa, to sakamakon farko ba abin dogaro ba ne.

Shawarata ka koma wa sinadarin kinuramin, don iri biyun MAO, wato A da B, duk suna cin sa, kuma ba ya buƙatar enzayim na biyu. Ka yi aikin a ruwan fosfet mai pH 7.4, a zafin digiri 37. Fara haɗa enzayim da abin gwajin su zauna minti 15, sannan ka zuba kinuramin, ka bar su minti 20, ka tsayar da sodiyam haidiroksaid. Abin da ya fito, 4-haidiroksikwinolin, a haska shi a wajen nanomita 310, a karanta a wajen 400. Kowane ruwan ganye ka yi masa kwalba guda wadda ba enzayim a ciki, saboda wasu tsirran da kansu suke sheƙi. DMSO kuwa, ruwan da ake narka abin gwajin a ciki, kada ya wuce kashi 1 cikin 100.

Minti 15 ɗin nan kada ka tsallake su. Masu hanawa na dindindin sai enzayim ya fara sarrafa su kafin su ɗaure da FAD ɗinsa, wato sinadarin da ke taimaka masa aiki, wannan kuma yana cin lokaci. In ka zuba komai a tare, ƙarfinsu ba zai bayyana ba.

Na ga kuma da hantar ɓera kake aiki. Hanta tana ɗauke da iri biyun a gauraye, dole ka raba su. Tun 1968 masani Johnston ya nuna cewa sinadarin kulojilin yana kashe A ya bar B, shi kuwa maganin selejilin, wanda masani Knoll ya yi aiki a kansa a Budafes, B yake kamawa. Toshe ɗaya, ka auna ɗayan. In kuɗin binciken ya kai, sayi na ɗan'adam da aka haɗa a ɗakin gwaji, domin na ɓera ba kullum yake amsawa kamar namu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ko hanin na dindindin ne ko mai sakewa. Ka haɗa enzayim da abin gwajin mai kauri, sannan ka tsarma sau 100. In aiki ya dawo, mai sakewa ne, kamar maganin mokulobemaid. In bai dawo ba, sai jiki ya ƙera sabon enzayim, shi ya sa ake jiran kwana 14 bayan daina magunguna masu hanawa na dindindin irin su fenelzin kafin a soma wani maganin. A nan rayuwar mutum ta shigo. MAO-A na hanji da hanta shi ke lalata sinadarin tiramin da ke cikin tsohon cuku da sauran abincin da aka bari ya tsima. In an kashe shi, miligiram 10 zuwa 25 na tiramin kan iya harba hawan jini zuwa haɗari, abin da likita Blackwell ya bayyana a 1963. Haɗa mai hana MAO da tiramadol ko fetidin kuma yana sa serotonin ta yi yawa, a ga zazzaɓi mai tsanani da karkarwa da ruɗewa. Ka san yadda tiramadol ya yawaita a hannun matasanmu. In har wani ganye da mutane ke jiƙawa su sha ya tabbata yana hana MAO-A, ka rubuta wannan gargaɗin a sarari cikin rahotonka.

Ka turo mini sakamakon kwalaben da ba enzayim da zarar sun fito. A gaida mai ɗaki da yara.

Naka a kullum.