Kwalbar fure mai ƙyalli da ta tada ƙura a layinmu

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya zafi, da fatan iyali lafiya.

Dan Allah a ba ni ɗan fili. Ƙanena yana saida kayan kwantena da ake kawowa daga Kwatano, satin da ya wuce ya tsinci wata kwalbar saka fure cikin kwali, gilashi ruwan ɗorawa mai ɗan kore-kore kamar man basilin, da dare ya haska ta da tocilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi sai ga ta ta ɗau wuta kore shar, wallahi kafin asuba hotonta ya gama WhatsApp, wannan ya ce uraniyom ɗin Arlit ne Nasara suka kwashe suka narka, wancan ya ce ta shekara 300, wani dillali har ya yi mata kuɗi miliyan biyar bai ma taɓa ta ba.

Uraniyom kam akwai shi ciki, shi ke sa ƙyallin, amma ɗan kaɗan ne, galibi bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Zancen shekara 300 kuwa shaci-faɗi ne, tunda sai 1789 wani Bajamushe Klaproth ya gano uraniyom ɗin kansa, kuma sai wajajen 1830 Franz Riedel na Bohemiya (yankin ƙasar Czech ta yau) ya shiga yin irin gilashin ga da yawa, har ya sa ma kalolin sunan ɗiyarshi Anna. Arlit fa 1971 aka fara haƙa. To in tsohuwa ce ba ta Arlit ba ce, in ta Arlit ce ba tsohuwa ba ce, sai a zaɓi guda.

Tocila ba ta faɗin shekaru, har yau ana ƙera sabbi a ƙasar Czech kuma su ma haka suke ƙyalli. Kifa kwalbar za ka yi ka dubi gindinta. In ka ga tabo a tsakiya kamar cibiya, nan ne maƙeri ya ɓalle sandar da ya riƙe ta, aikin hannu kenan. In kuwa akwai layi siriri a gefe tun daga sama har ƙasa kamar ɗinki, a mazubi aka matsa ta, irinta dubbai aka yi. Sai karce-karcen gindi, wadda ta daɗe ana ja kan tebur karcen ko'ina ya nufa, ta 'yan damfara da aka goga ma sanfefa duk layin hanya guda ya bi, kamar sharar tsintsiya.

Rubutu ya fi komai sauƙi in an dace da shi. Ta Ingila daga 1842 zuwa 1883 tambari ne mai kusurwa huɗu, daga 1884 sai haruffan Rd (wato an yi rajista) da lamba, da lambar ake gane shekarar da aka yi rajistar zanen. Kamfanin gilashin Baccarat na Faransa sai 1936 suka fara buga tambari a jikin galibin kayansu, kafin nan takarda suke liƙawa, ita kuma wanki guda ta tafi. A Amurka gwamnati ta kwace uraniyom lokacin yaƙin duniya na biyu saboda bam, aikin ya tsaya sai wajen 1958 aka dawo.

Tamu da na sa tabarau na duba, layin mazubi na nan, ga Czechoslovakia a gindi, ƙasar da aka kafa 1918 ta rabe farkon 1993. Ƙanena har fushi ya yi da ni, wai Yaya kai kullum sai ka zuba ma mutum ƙasa a gari.

Abin da ya sa ma na ɗauki biro, wani ya ba shi shawara wai a daka ta a turmi a tace uraniyom ɗin a saida. Dan girman Allah kar wanda ya yi haka, ajiyarta a ɗaki ba komai, garin gilashin in ya shiga huhu shi ne masifa, kuma babu mai saye.

Yanzu dai tana cikin kabat ɗin matarshi da furen roba a ciki, dillalin tun ranar da aka karanta mashi rubutun gindin bai sake kira ba.

Naku,
mai karatu daga unguwar Bagalam, Maradi