Akwatin Gawar Saida Ba Na Iskandar Ba Ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na tarihi na makon jiya, inda mai gabatarwa ya ce wai gawar Iskandar Mai Girma ce aka sa a akwatin marmara da ke gidan tarihi na Istambul. Sunan da aka laƙaba wa akwatin ne ya ruɗe shi, kuma ba shi kaɗai ba. Ni ma da na je Istambul saro kaya na leƙa gidan, da wannan zaton na shiga.

A 1887 aka tono akwatin a maƙabartar sarakunan Saida, tsohon birnin Finikiyawa a Labanan ta yau, ƙarƙashin kulawar Osman Hamdi Bey, shugaban gidan tarihin Istambul na wancan lokaci. An kira shi da sunan Iskandar ne don an sassaƙa shi a jikinsa, bisa doki, da fatar kan zaki a kansa, yana fafatawa da Farisawa. Amma yawancin masana na ganin na Abdalonymus ne, wanda Iskandar ya naɗa sarkin Saida bayan yaƙin Issus na shekara ta 333 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka nuna kamar Finikiyawa sun wayi gari ne kawai suka zama Girkawa. Tun kafin hannun Girka ya iso, Masar suke kallo. Sarki Tabnit, daga wannan maƙabarta, a akwatin baƙin dutse na Masar aka binne shi, wanda asalinsa na wani janar ɗin Masar ne. Ko goge rubutun mai shi ba su yi ba. Sai suka ƙara nasu a ƙasa da haruffan Finikiya, Tabnit na gargaɗin kada kowa ya buɗe, don babu azurfa ko zinariya tare da shi. Na daɗe tsaye ina kallon rubutun nan biyu a dutse ɗaya. Gargaɗin dai bai hana a buɗe ba.

Daga baya suka koma farin marmara, siffar akwatin ta mutum a naɗe irin ta Masar, fuska da gashi kuwa aikin Girka sak. Har Kadiz ta Sifaniya an samu irinsu biyu, na namiji a 1887, na mace a 1980. Wannan ai zaɓi ne na 'yan kasuwar teku masu kuɗi, da suka san inda kaya mai kyau yake.

Don Allah a gyara a shiri na gaba. In da hali a taɓo wani akwatin na Saida da aka sassaƙa mata masu makoki a jikinsa, su 18 tsaye tsakanin ginshiƙai, kowace da irin nata jimamin. A wurina ya fi na Iskandar ɗin ratsa zuciya.

Naku mai sauraro,
daga Fagge, Kano.