Ba Tsayi Kaɗai Ba Ne Gwanintar Adrian Smith

Ya Edita,

Bayan gaisuwa, na karanta rahotonku kan komawa aikin Hasumiyar Jidda, wadda ake sa ran za ta haura mita 1,000. Kun yaba tsayinta, amma ba ku faɗi abin da mai zanenta, Adrian Smith ɗan Amurka, ya ƙware a kai ba, wato shawo kan iska.

Shi ne ya zana Burj Khalifa ta Dubai mai mita 828, da aka buɗe a 2010, tare da injiniya Bill Baker. Idan dogon gini ya tashi da faɗi ɗaya tun daga ƙasa, iska kan yi ta juyawa a gefunansa bi da bi har ya fara lilo. Don haka suka ba Burj Khalifa fukafukai uku da ke tokare da ƙaƙƙarfar cibiya, kowane fiffike yana tsukewa a hawa dabam, don iskar ta rasa inda za ta haɗa ƙarfi. Harsashin kuwa yana zaune kan turakun kankare kusan 200 masu zurfin kimanin mita 50. Saboda zafin Dubai, da dare aka riƙa zuba kankaren, ana gauraya shi da ƙanƙara, domin in ya ɗau zafi da yawa yakan tsage.

Ina ba da shawara, duk lokacin da wakilanku za su ba da labarin dogon bene, su tambayi sakamakon gwajin ƙasa da na iska, da sunan injiniyan da ya sa hannu, kafin su ƙirga hawa.

Naku,
Mai karatu daga Kano