Ka zauna a Kumasi, ni zan tako keke in zo

Aminina Mamman Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mutanen Birni duk suna gaishe ka.

Na ga saƙonka cewa kana so ka hau keke daga Kumasi har Damagaram a watan Janairu. Niyyar ta faranta mini rai, amma don Allah ka dakata. Lokacin hunturu ne, iska kuwa daga arewa maso gabas take busowa, wato daga wajenmu zuwa wajenku. Duk takun da ka yi tana dafe maka ƙirji, ƙura a ido, leɓe a tsage. In ka jinkirta zuwa Afrilu, ka san bazarar nan da zafinta ke wuce digiri 40. Ni ya kamata in zo, iska na tura ni ta baya.

Zan bi ta Matamaye in ƙetare a Ɗan Barto, sai Daura, Kazaure, Kano, kimanin kilomita 240. Daga Kano zuwa Legas ya kai 1000, kuma duk inda direbobi suka ce hanya ba lafiya, keken zan ɗora a mota. Saboda haka ne ma na bar hanyar Burkina. Daga Legas sai bakin teku: Seme, Kwatano, Lome, Aflao, Ankara babban birnin Gana, in juya arewa kilomita 250 in same ka.

Abin da na fi yi wa shiri shi ne zafin kudu. Namu busasshe ne, gumi na fita iska na shanye shi, ƙishi kawai za ka kula da shi. Naku mai laima ne, riga ta jiƙe tun hantsi ta ƙi bushewa, cinya ta saɓule a kan sirdi, iskar teku ta sa sarƙa tsatsa. Don haka tafiyar asuba zan riƙa yi, kafin azahar in nemi inuwar masallaci, in sake hawa bayan la'asar. Gidan sauro yana cikin kaya, da katin allurar shawara, don ana tambayarsa a kan iyaka.

Keken kuwa tsohon Phoenix ɗina ne. Wasu sun ce in sayi mai giya na Turawa. Na ƙi. Nawa yana da nauyi, gaskiya ne, amma in ƙayar aduwa ta huda taya ko sarƙa ta tsinke, kowane mai faci a ƙauye ya san kansa, kayan gyaransa kuma suna kowace kasuwa.

Ka tuna fataken da, masu kora jakuna da kanwa har Salaga a ƙasar Gwanja su komo da goro? Sun ga yadda gero ke ba doya wuri, kuka ta ba kwakwar manja, sannu a hankali. Wannan nake so in gani da idona, in kwana a zango-zangon da ake jin Hausa har gobe.

Ka rubuto mini wanda zan sauka wurinsa a unguwar Nima ta Ankara, da yadda canjin sefa da sidi yake yanzu. Kilishinka ba zan manta ba.

Naka har kullum,
Lawali